Jiragen Ruwa a Bayan Taswirar Hanya

Litinin 5 ga Mayu, bayan azahar

Sun tafi da Baban Fati.

Litinin, bayan la'asar

Na zauna in rubuta don hannuna ya samu abin yi. Ina lakwal, tsaye gaban tablo ina koya wa 'yan ajina rabawa, maƙwabciyarmu ta aiko a ce in zo gida maza. Na tarar da ƙofa a buɗe, takalmansa na sarwis, na zuwa aiki, suna bakin ɗaki yadda ya cire su. Da silifa suka tafi da shi. Ba zan rubuta ko su wane ne ba, ko a nan. Ta ce ba su ɗaga masa murya ba, ɗayansu ma cewa ya yi, "Malam Alkasum, yi haƙuri, 'yar tambaya ce." Sun ɗauki ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta. Sun kwashe takardun kan tebur da na cikin kwalin da ke ƙarƙashin gado. Sun bar regil da kompa, kayan jan layi da awo.

'Yar tambaya ce. Na ɗora tukunya har da rabonsa.

Talata 6, da magariba

Duk inda na je sai a ce ba su san da shi ba. Na je biro, ofishinsu na masu awon ƙasa, shugabansu ya karɓe ni a tsaye, yana ta gyara takardun da ba su buƙatar gyara. "Madan, ni ban san komai ba, wallahi ban san komai ba." Ban ma tambaye shi ba tukuna.

Na ce wa Fati babanta ya je Mirriya wajen Inna. Ta ce ai bai ɗauki hularsa ba.

Laraba 7, da hantsi

Ba labari.

Alhamis 8, bayan la'asar

Ɗan'uwan direktar ɗinmu lauya ne, Metir Mahamud. Shi ya gano inda yake. Ya ce yana da rai, da lafiyarsa kuma "gwargwado". Ban so kalmar nan ba.

Ya rufe ƙofar biro ɗinsa, ya ce, "Madan, me ya haɗa mijinki da konbuwa, ayarin motoci?"

Na ce wane konbuwa?

Ya nuna mini hoto a wayarsa. Takarda ce. A fuska ɗaya taswirar hanyar Takieta ce da su Baban Fati suka auna bara, da gadoji da kwane-kwanen hanya. A bayanta kuwa layuka ne da kireyo, wato fensir, sun tashi daga ɗigo ɗaya sun bazu kamar yatsun hannu, ga lambobi a gefe, ga rubutu da Faransanci: ayari, abin hari, saurin tafiya, lokacin harbi.

Dariya ta kama ni. Allah ya gani ban so ba, amma na yi ta dariya har sai da na riƙe tebur. Na ce, "Metir, wasa ne! Jiragen ruwa ne! Wasan ordinatar ne da suke yi ranar Asabar."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Jiragen ruwa a Damagaram." Ya ce bayan harin da aka kai wa ayarin motoci a hanya makon jiya, ba wanda zai ga takardar nan ya tuna da teku. Kuma ba takarda ɗaya ba ce. Kwali ne cike.

Na dawo a ƙasa, ban tsayar da kabu-kabu ba. Ban san yadda na iso ba.

Juma'a 9, da safe

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in tabbata ba ni ce na haukace ba.

Habu abokin Baban Fati ne tun suna ƙananan aji, mai gyaran waya da ordinatar a kasuwa. Shi ya kawo wasan. Kai ne direban jirgin yaƙi mai nutsewa ƙarƙashin ruwa, a wani tsohon yaƙi, kana farautar ayarin jiragen kaya. Duk Asabar bayan la'asar Habu zai zo, ya sa abin sauraro a kunne, yana kiran lambobi yana rubuta su a gefen takarda, Baban Fati kuma yana jan layi. Sai su yi shiru na tsawon lokaci, shayi ya huce, can sai ka ji ihu kamar an ci ƙwallo. Manyan mutane, masu iyali. A cikinsu ba wanda ya taɓa ganin teku. Takardun kuwa tsofaffin taswirori ne da aka zubar a biro, yakan kwaso su don bayansu fari ne tas.

Shi ke nan fa. Iyakar abin ke nan.

Metir ya ce Baban Fati ya yi musu wannan bayanin, ba su yarda ba. Ordinatar ɗinsa an aika da ita Yamai a bincika, ba wanda ya san ranar dawowarta. Ya kuma ce sun lura hannu biyu ne a takardun, na mai jan layi da na mai rubuta lambobi, kuma na biyun suke nema. "Kada sunan abokin nan ya fito daga bakinki," in ji shi. "Mutum ɗaya mai shirme ne. Mutum biyu ƙungiya ce."

Asabar 10, bayan la'asar

Asabar ce. Kunnena yana ta jiran ƙarar babur ɗin Habu.

Lahadi 11, da azahar

Sun zo, shi da matarsa Rabi. Rabi da tsohon cikinta ta ɗauko mini tuwo tun daga Birni, ta zauna ta riƙe hannuna.

Habu ya ƙi zama. Ya ce, "Gobe zan je in kai kaina. In ce musu rubutun nawa ne, in nuna musu wasan, su sake shi."

Na gaya masa abin da Metir ya ce. Ya yi ta kai da kawowa a tsakar gida. Rabi tana kallonsa, ba ta hana shi ba, ba ta kuma ce ya je ba. Daga ƙarshe ya tsaya, ya ce, "To ke za ki je. Ke matarsa ce, ba wanda zai yi mamaki. Zan sa wasan a wata tsohuwar ordinatar, in koya miki, ki yi a gabansu."

Na ce ni ban taɓa kallon abin ba ma. Ya ce, "Ke da ke koyar da lissafi? Regil ne kawai da haƙuri."

Talata 13, da magariba

Yau sun karɓi abinci. A inda suke tsare da shi akwai ƙaramar ƙofa ta baya, mata suna layi a inuwar katanga. Mai gadin yana sa cokali ya juya miya kafin ya shiga da ita. Ba a yarda da kwano mai murfin ƙarfe ba, ban san dalili ba. Kwanon ya dawo da rabin tuwon.

Ashe ya ci. Ya ci rabi. Yana iya ci.

Laraba 14, bayan la'asar

Darasin farko, a gidan su Habu. An ɗauke kuran, ba wuta, muka yi da abin da ya rage a batir, zufa tana ɗiga a kan takarda.

Habu ya ce, "Kina ƙarƙashin ruwa, ba kya ganin komai, kunne kawai gare ki. Kin ji injin wani jirgi. Na'ura za ta gaya miki gefen da ƙarar take fitowa, degire kaza. Amma nisa ba ta faɗa. Kusa yake ko nesa, ina ya dosa, duk ba ki sani ba. Wannan shi ne aikin."

Sai ka tsayar da jirginka, ka sa ɗigo a takarda, kai ke nan. Ka ja layi zuwa gefen da ka ji ƙarar. Ka jira ɗan lokaci, ka sake saurare, ka ja na biyu. Ka jira daidai wannan lokacin, ka ja na uku. Jirgin yana wani wuri a kan kowane layi. Tunda saurinsa bai canza ba, tafiyar da ya yi daga layin farko zuwa na biyu daidai take da ta na biyu zuwa na uku. Sai ka ɗora regil a gicciye, ka yi ta juya shi har layin tsakiya ya raba tsawon gida biyu daidai. Yadda regil ya kwanta, haka jirgin yake tafiya.

Na gane a kai. Hannun ne ya ƙi. Na karya bakin kireyo, na sake karyawa. Da na samu na kwantar da regil, sai na ce jirgin kudu ya nufa, ashe arewa ne. Habu ya yi dariya ya ce, "Haka mijinki ya yi wata guda yana harbin ruwa." Ya faɗi haka, sai dariyar ta ɗauke. Rabi ta tashi ta shiga ɗaki.

Alhamis 15, da hantsi

Direktar ya ce in ɗan huta a gida har abubuwa su lafa. Wasu iyaye sun yi magana. Ya faɗa da tausayi, ya raka ni har bakin ƙofa, ya koma da sauri.

A unguwarmu Kara-Kara yanzu in na yi sallama sai a amsa a ciki-ciki.

Juma'a 16, bayan azahar

Tare da kwano sun miƙo mini rigarsa in wanke.

Na wanke. Na yi ta canza ruwa. Na shanya ta a cikin ɗaki don kada Fati ta gani.

Asabar 17, da magariba

Inna ta zo daga Mirriya, labari ya kai mata a kasuwa. Ta tarar da ni durƙushe a kan tabarma da regil da takardu. Ta ce, "Ɗana yana hannun mutane, ke kina zane?" Na yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Yanzu saboda wasa?" Na ce eh, Inna. Ta sake cewa, "Saboda wasa?" Ta ɗauki buta ta yi bayan gida, ta daɗe ba ta fito ba.

Litinin 19, bayan la'asar

Yau Habu ya koya mini neman nisa. In ka san inda ya dosa, sai ka ci gaba da auna tazarar nan a kan regil, ka ja layin da ya kamata ka ji shi a kai can gaba. Daga nan ka tayar da naka jirgin, ka matsa wani wuri, ka sa sabon ɗigo. Lokacin ya yi, ka saurara, ka ja layi daga sabon wurin. Inda layukan biyu suka haɗu, nan yake. In kana zaune wuri ɗaya ba za ka taɓa sanin nisansa ba, dole sai ka motsa.

Na yi, na ɗaga madubin leƙe sama da ruwa, sai ga jiragen a jere, baƙaƙe, hayaƙi yana tashi, kusa da inda na sa alama. Na yi ihu ban sani ba. Rabi ta leƙo. Sai kunya ta kama ni, kuma na gane ihun nan da nake ji duk Asabar, sai na fashe da kuka a gaban mijin mutane.

Habu ya ba ni ordinatar ɗin a cikin buhun shinkafa. Ya ce ya share komai nasa daga ciki.

Laraba 21, da safe

Metir ya samu sun yarda in yi wasan a gabansu. Gobe.

Alhamis 22, bayan la'asar

Ɗaki ne mai fanka da tebur ɗaya. Babbansu mutum ne mai sanyin murya, ba suna a rigarsa. Ya sa aka kawo mini ruwa. Takardun Baban Fati suna gabansa a tare, na ga rubutun mijina a kife, na kau da kai.

Ya sa wani yaronsa ya sa abin sauraro yana karanta mini lambobi. Na ja layi na farko. Muka jira. Na ja na biyu, na ja na uku, na ɗora regil. Zufa ta sa ya zame, na sake. Na matsar da jirgin, na ja na ƙarshe, na sa alama, na ce, "Ranka ya daɗe, a nan suke, gabas suka nufa." Na ɗaga madubi. Ba komai, ruwa kawai. Na juya madubin kaɗan zuwa dama, sai ga su. Na yi kuskure, amma ga su.

Babban ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki takardata ya ajiye kusa da ta Baban Fati, ya dubi wannan, ya dubi waccan. Yaronsa ya ce a hankali, "Iri ɗaya ne." Babban ya juyo gare ni.

Ya ce, "Madan, kin iya. Wa ya koya miki?"

Na ce, "Mijina."

Ya ce, "Mijinki ya ce mana ko kusa da tebur ɗin ba kya zuwa."

Metir ya buɗe baki, babban ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Ba komai. Je ki gida. Ki bar mana ordinatar ɗin."

Da muka fito waje Metir ya ce an yi nasara.

Asabar 24, da azahar

Shiru. Na kai abinci, kwano ya dawo yadda na kai shi.

Lahadi 25, da azahar

Haka ma yau.

Talata 27, da hantsi

Ya dawo! Ya dawo, Alhamdu lillahi! A bayan kabu-kabu, da silifar da ya tafi da ita. Fati ce ta fara ganinsa. Inna ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida. Ya rame, gemu ya fito da furfura da ban san da ita ba. Na ɗora ruwan wanka, na yanka kaza, ban san abin da nake yi ba. Hannunsa na dama yana cikin aljihu. Zan kira su Habu in gaya musu.

Talata, bayan azahar

Wayar Habu a kashe.

Talata, bayan la'asar

Rabi ta kira. Da safen nan, a shagonsa, a gaban mutanen kasuwa. Sun ce masa 'yar tambaya ce.

Da safen nan. Kafin Baban Fati ya iso gida ma.

Kazar tana kan wuta.

Laraba 28, da magariba

Da cokali yake ci, da hagu. Inna ta gani, ta kau da kai. Maƙwabta sun fara shigowa barka, waɗanda jiya ba sa amsa sallama. Yana gaisawa da su, yana cewa an gode Allah. Da na gaya masa maganar Habu bai yi mamaki ba. Bai ce "innalillahi" ba. Ya dubi ƙasa.

Alhamis 29, da safe

Ni ce? Ordinatar ɗin ce? Habu ya ce ya share komai. Ko sun bi ni zuwa Birni? Na tambayi Metir, ya ce bai sani ba, kuma ba lalle a taɓa sani ba. Ya ce zai riƙe maganar Habu kamar yadda ya riƙe wannan, kuma yanzu da sauƙi tunda sun ga wasan da idonsu. Na ce to in sun gani me ya sa suka ɗauke shi? Ya ce, "Madan, fayil ne aka buɗe, sai an cika shi."

Ban iya kiran Rabi ba. Na ɗauki wayar, na ajiye.

Juma'a 30, bayan la'asar

Bai je masallaci ba. Inna ta fita da Fati, muka rage mu biyu. Ina tsince shinkafa ya zo ya zauna a bakin ƙofar kicin, a ƙasa.

Ya ce, "Zuwaira, ba ke ba ce. Na ga kina ta zargin kanki."

Na ɗago na dube shi.

Ya ce, "Tun ranar farko abu ɗaya suke tambayata, hannun wa ne na biyu. Na riƙe. Wallahi na riƙe. Bayan kin zo kin tafi suka ce sun yarda wasa ne, sunan kawai ya rage, in faɗa in tafi gida. Na ƙi. Sai suka…" Ya ciro hannun daga aljihu ya ɗora a gwiwa. Wannan ne karo na farko da na gan shi sosai.

Ya ce, "Ran Litinin na faɗa."

Na ci gaba da tsince shinkafa. Ina son in rungume shi, ina kuma ganin Habu yana kai da kawowa a tsakar gidan nan yana cewa zai je ya kai kansa.

Lahadi 1 ga Yuni, bayan azahar

Rabi ta zo. Ita kaɗai, a cikin wannan rana, ƙafafunta a kumbure. Na shimfiɗa mata tabarma. Ta yi wa Inna barka, ta yi mini barka, muryarta daidai. Ta ce ta zo ta ji daga bakin wanda ya fito yadda wurin yake.

Na ce yana barci. Ƙarya na yi, kuma ya ji ni. Ya ɗaga labule ya fito, ya durƙusa nesa da tabarmar, kamar mai gaida surukai.

Ya ce, "Rabi, ni na faɗi sunansa."

Ta dube shi. Ta dubi hannun. Ta daɗe tana dubansa, shi kuma bai ɓoye ba. Na zaci za ta yi ihu, na ma fi son ta yi. Sai ta juyo gare ni kamar ba ya wurin, ta ce, "Yaya Zuwaira, ta wace ƙofa ake kai musu abinci?"

Na gaya mata. Na gaya mata maganar murfi, da lokacin da layi ya fi sauƙi, da cewa ta tafi da ruwan sha don ba inuwa sosai. Ta ce to. Ta tashi da ƙyar, ta ƙi a kama ta. Har ta fita yana nan durƙushe.

Litinin 2, da magariba

Da sassafe ya sa hula ya tafi wajen Metir. Ya ce zai rubuta shaida da sunansa, in ana so ya koma ya maimaita a gabansu zai koma. Metir ne ya rubuta, shi ya sa hannu da hagu. Metir ya ce zai taimaka, amma kada mu sa rana.

Ni kuma na je Birni, na tarar Rabi ta gama zuba abinci. Ban tambaye ta ba, na ɗauki kwanon. Ba ta hana ni ba. Muka yi layi a gindin katanga. Mai gadin ya gane ni, ya ce, "A'a, madan, ba an saki naki ba?" Na ce an sake shi. Ya juya miyar da cokali, ya shiga da ita.

Duk tsawon jiran ba ta yi mini magana ba. Kwano ya dawo, ta buɗe ta duba, ta rufe. Sai da muka iso ƙofar gidanta ta tsaya, ta dafa bango tana numfashi, ta ce, "Ki ce masa ban yafe ba tukuna. Ban sani ba ko zan iya."

Na ce zan faɗa masa.

Ta karɓi kwanon daga hannuna, ta ce, "Amma gobe ki zo da wuri. Tsayuwar nan ba zan iya ta ni kaɗai ba."